Wace waya mai araha ce za ta iya aikin taswira ba tare da daskarewa ba?

Abu Maryam ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ana neman shawarar masana. Waya za a saya wa yaron da ke kai wa kwastomomi kaya a babur cikin Kano da kewaye. Aikinta taswira, WhatsApp, manhajar banki, sai duba alƙibla idan salla ta riske shi a hanya. Guda uku ne farashinsu ya yi kusa da juna: wata sabuwa da aka rubuta RAM 8GB a kwalinta, amma a ƙasa an sa 4+4 da ƙananan haruffa, wata sabuwa mai 3GB da 64GB wadda aka ce Android Go ce, sai wata Samsung ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ba kwali. Wacce ta fi dacewa? Me ake dubawa kafin a biya? Kuma wai gaskiya ne taswira tana aiki ko babu data?

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Abu Maryam. Mu fara da wannan 4+4 ɗin, domin nan ake yawan ruɗa masu saye. RAM, wato wurin da waya ke riƙe manhajojin da ke aiki a lokacin, na gaske 4GB ne. Ragowar huɗun daga ma'adanar wayar ake yanko su, a ce su taimaka. Tecno da Infinix suna kiran abin Memory Fusion, Samsung kuma RAM Plus. Ma'adana ba ta kama ƙafar RAM a sauri, musamman irin eMMC da ake sa wa ƙananan wayoyi, don haka ka ɗauke ta a matsayin waya mai 4GB kawai. Hakan ma ya isa wannan aikin.

Abin da ya fi wannan lambar muhimmanci shi ne injin da ke ciki, wato processor. Idan ka ga Unisoc SC9863A ko Helio A22, ka haƙura, tsofaffi ne, za su yi ta jan ƙafa da zarar taswira da WhatsApp sun haɗu. Unisoc T606 da Helio G85 sun fi su nesa ba kusa ba, saboda kowanne yana da manyan ƙwayoyi biyu masu ɗaukar aiki mai nauyi. Helio G99 ya fi su duka, idan kuɗin ya kai. Ba kullum ake rubuta sunan injin a kwali ba. A kunna wayar, a sauke CPU-Z, manhajar da ke nuna kayan cikin waya, daga Play Store, shafin farko zai faɗa maka gaskiya.

Ita kuma Android Go, Google ya fito da ita a 2017 don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi. Ba laifi ga mai kira da WhatsApp. Amma ga mai yawo da taswira tana da cikas biyu. Wasu suna zuwa da Maps Go, wadda ta cikin Chrome take aiki, ba ta ajiye taswira don amfani ba intanet, kuma muryar da ke cewa a juya dama ko hagu sai an sauke mata wata manhaja daban. Na biyu, galibi an cire mata damar da ke sa taswira ta koma ɗan ƙaramin akwati a gefen allo idan an buɗe wata manhaja. Kwastoma ya turo saƙo, yaro ya shiga WhatsApp, hanyar ta ɓace daga idonsa, wani lokacin ma wayar ta kashe taswirar don ta sami wuri. A cikin sababbin biyu, mai 4GB ita ce zaɓi.

Batir 5000mAh ya zama ruwan dare yanzu, don haka ka duba caja. Mai 10W tana cin kusan awa uku kafin ta cika shi, mai 18W ta fi dacewa da halin wutarmu. Bakin caji ya zama USB-C.

Malama Taswira ta amsa:

Malam, amsar tambayarka ta ƙarshe ita ce e, amma da sharaɗi. GPS ba ya cin data ko kaɗan. Wayar saurare kawai take yi daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sama, kuma tana buƙatar aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Abin da ke cin data shi ne zanen tituna da sunayen wurare. Idan an sauke wannan tun a gida, an gama.

Ga yadda ake yi a Google Maps: a taɓa hoton asusu a sama ta dama, a shiga Offline maps, a zaɓi Select your own map, a ja akwatin ya rufe Kano har zuwa inda yaron yake kaiwa, sannan Download. Za ta nuna girman abin kafin a fara. Tana da ranar ƙarewa, don haka a riƙa sabunta ta. Amma a sani, idan babu data hanyar mota kaɗai za ta bayar. Babu ta ƙafa, babu bayanin cunkoso. Tsarin hanyar babur da Google ya kawo Najeriya a 2019 ya fi kyau a nema da data a kunne. Wanda ke son hanyar ƙafa ba intanet, ya sa Organic Maps ko OsmAnd, su da bayanan OpenStreetMap suke aiki, kuma a wasu lunguna sukan nuna hanyar da Google bai sani ba, a wasu kuma akasin haka. Riƙe biyu ba asara ba ne.

Wani abu da ke sa mutane cewa GPS ɗin waya ya lalace: idan ta kwana biyu ba a kunna shi ba kuma babu data, sai ta karɓo bayanan taurarin daga sama da kanta, abin da kan ɗauki mintoci. Da data kuwa daƙiƙoƙi ne. A buɗe taswira da safe kafin a fita, a bar ta ta kama. A fili kuskuren bai wuce kimanin mita 5 ba, amma ƙarƙashin rufin kwano, kamar cikin Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, ɗigon da ke nuna inda kake a taswira zai yi ta tsalle. Ba laifin wayar ba ne.

Yanzu ga abin da ba a rubutawa a kwali, kuma shi ne ya fi damuna da ƙananan wayoyi: kamfas, wato na'urar da ke gane inda wayar ta fuskanta. Da yawansu ba su da shi, an cire don rage farashi. Idan babur yana tafiya, wayar tana gane inda aka dosa daga motsin. Da an tsaya, shi ke nan, ba ta san gabas daga yamma ba. Yaro ya fito daga lungu, taswira ta ce ya nufi arewa, shi da wayar duk ba su san ina ne arewa ba, sai ya yi tafiya kaɗan kibiyar ta juya. Manhajar alƙibla kuwa ba za ta yi aiki ba sam, ko ta nuna kibiyar da ba ta motsi.

Gwajin minti ɗaya ne. A buɗe Google Maps a tsaye, a dubi shuɗin ɗigon. Idan akwai haske kamar na tocila da ke fita daga jikinsa, kuma yana juyawa idan ka juya wayar, akwai kamfas. Ko a CPU-Z a shiga Sensors a nemi Magnetic field. Idan yana nan, lambar da ta dace tana tsakanin 25 da 65. In ta haura haka sosai, akwai ƙarfe ko maganaɗisu a kusa. Idan hasken ya yi faɗi, a riƙe wayar a zana lamba 8 a iska sau uku ko huɗu, zai tsuke. Daga Kano alƙibla tana kusan digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Manhajar da ta nuna nesa da haka, kamfas ɗin ne ya rikice.

Saitin da ake mantawa: a ba taswira izinin Precise location, sannan a shiga Settings, Apps, Maps, Battery, a zaɓi Unrestricted. In ba haka ba, tsarin tanadin batir zai kashe ta ana tsakiyar tafiya.

Abu Maryam ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. To ita ta hannun fa, a bar ta ke nan?

Baban Khalifa ya amsa:

A'a Malam, kada ka yi saurin yar da ita. Tsohuwar waya mai matsakaicin daraja sau da yawa tana da kamfas, allonta ya fi haske a rana, injinta kuma ya fi na sabuwa mai araha. Matsalarta ita ce ba garanti, don haka gwajin yana wuyanka.

A danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lamba 15, za ta fito. A rubuta ta a rasit tare da sunan mai sayarwa da lambar shagonsa, domin wayar sata takan jawo wa mai saye tsayuwa gaban 'yan sanda. A sa mai ita ya cire asusun Google da na Samsung, a goge wayar gaba ɗaya a gabanka, a sake saita ta har ta buɗe. Idan bayan gogewa ta nemi imel ɗin tsohon mai ita, kada a saya. Haka idan ta nuna saƙon biyan bashi: wayar da aka ɗauka ana biya kaɗan-kaɗan, kamfani yana iya kulle ta daga nesa. A sa layinka a ciki, a ga 4G ya hau, a yi kira. Wasu da aka yi don Amurka ko Japan ba su da duk zangon sabis na 4G da layukanmu ke amfani da su, wato 3, 7, 20 da 28, sai ka ga sabis yana ɗaukewa da an fita gari. A About phone kuma a duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. Idan ta yi shekaru, wata rana manhajar banki za ta ƙi hawa.

Gwajin taɓawa ya shafi dukkan ukun. A Samsung a danna *#0*# a zaɓi Touch, a bi akwatunan da yatsa har su canza launi. A sauran, a danne alamar wata manhaja a ja ta zuwa kowace kusurwa, inda ta kuɓuce nan ne matacce. A maimaita wayar tana caji. Allon da ke danna kansa, yawanci caja ce ta jabu ko gilashin kariya mara kyau. A kalli wayar ta gefe: in murfin baya ya ɗago, batir ya kumbura.

Game da yadda ake yawo cikin wayar, tun Android 10 aka kawo shafa allo a madadin maɓallai uku na ƙasa. Ga mai taswira ba na ba da shawararsa, domin jan taswira daga gefen allo shi ne kuma umarnin komawa baya, sai ya fita daga hanyar bai sani ba. A shiga Settings, a rubuta navigation a wurin bincike, a mayar da maɓallai uku. Idan kuma wata rana wayar ta fara magana da kanta tana ƙin buɗe abu da taɓawa ɗaya, TalkBack ne, tsarin da ke karanta wa makafi allo, ya kunnu a aljihu. A danne maɓallan ƙara da rage sauti tare na daƙiƙa uku don kashe shi.

Mai Gyaran Waya ya ƙara da cewa:

Ƙarin bayani kan babur ɗin. Kada a sayi mariƙin waya mai maganaɗisu ko rigar waya mai murfin maganaɗisu, suna karkatar da kamfas ɗin da Malama ta yi bayani. A sami mai matsewa ta gefe. Rana, hasken allo a ƙure, GPS da caji, idan suka haɗu lokaci guda wayar za ta yi zafi ta rage gudu da kanta, a daɗe batir ya kumbura. Gara a bar muryar tana faɗin hanya a kashe allon a doguwar tafiya.

Unguwannin da gidaje ba su da lamba kuma, kada a tsaya kwatance da bishiya ko masallaci. Kwastoma ya shiga WhatsApp, ya taɓa alamar maƙala abu, ya zaɓi Location, ya fito tsakar gida ko ƙofar gida, ya jira lambar mitocin kuskure da WhatsApp ke nunawa ta sauko ƙasa da 20 kafin ya tura. Wanda aka tura daga cikin ɗaki yakan kai mutum layi na gaba.