Shawarwari kan ruwa, ƙasa da itace a yankin Damagaram

Manoma, makiyaya da ma'aikatan ruwa da suka tattauna a Zinder sun fi daɗewa kan famfo mai aiki da hasken rana. Da yake ba a sayen mai, mutum sai ya bar shi yana zuba tun safe har la'asar, rijiyar maƙwabci ta ja baya. Shawararsu: a tara ruwan a tanki, a yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, a riƙa auna zurfin rijiya da igiya kowane wata ana rubutawa. A fadamun Korama da Gidimuni, inda ƙasa ke da kanwa, ban ruwa kaɗan-kaɗan cikin zafin rana yana jawo gishiri sama. Farin ɓawo a bakin fangali shi ne alamar farko.

A faƙo kuwa, tassa ce magani: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, a tara ƙasar ta gefen gangare, a sa taki cikin hannu biyu tun kafin damina. Ɗanyen taki yana ƙone tsiron hatsi, a bari ya ruɓe.

Gawo dai kada a sare shi. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Kututturen da ya toho, a bar masa rassa biyu zuwa biyar, sauran a kai murhu, don karan dawa ya zauna gona ya tare iska.