Muhawara: Shin neman fitowa a taswirar Google yaudara ce?

Mai Gyaran Waya: Assalamu alaikum, jama'a. Na biya wani matashi kuɗi domin shagona ya riƙa fitowa cikin wurare ukun da Google ke nunawa tare da taswira idan mutum ya nemi mai gyara a kusa da shi, amma har yau sai na gangara can ƙasa nake ganin sunana, shi kuma ya daina ɗaga wayata. Ni dai a wurina wannan harka yaudara ce tun daga tushe, kuma da guminmu ƙananan 'yan kasuwa ake ci.

Ɗan Talla: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Shafin Google Business Profile, wato shafin da ke nuna bayanan sana'arka a taswirar Google, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business, kyauta ake buɗe shi, kuma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa ba a sayen matsayi a wannan jeri. Abu uku yake dubawa: dacewar sana'arka da abin da aka nema, nisanka da mai nema, da kuma yadda aka san ka. Wanda ya ce zai kai ka na ɗaya ya yi maka alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Hajiya Mai Ɗinki: Malam, kyauta fa ka ce? Kafin a tabbatar da shafina sai da na ɗauki bidiyon allon suna, da ƙofar shago, da kekunan ɗinki, kuma har gobe ni ke sabunta hotuna da lokutan buɗewa, ni ke amsa sharhin kowane kwastoma da daddare. Abin da ya ci lokacinka da datarka ba a kiransa kyauta. Su kuma waɗanda ke fitowa a can sama da alamar talla, da addu'a suka hau?

Ɗan Talla: Hajiya, wannan talla ce da ake biya, shi ya sa aka yi mata alama, kuma ba ta ɗaga matsayin kowa a jerin da ke ƙarƙashinta.

Hajiya Mai Ɗinki: To, tun da akwai inda ake biya, ka janye kalmarka. Kowa a nan ya san da wannan aikin kake cin abinci, dole ka kare shi.

Ƙanin Hajiya: Ina bayan Yaya. Kuma Alhaji, maganin matsalarka mai sauƙi ne: ka sa 'yan uwa da yaran shago su ba ka taurari biyar, sannan ka ƙara "mafi kyau a kusa da kai" a jikin sunan shagon.

Ɗan Talla: Ƙanena, wannan shawara za ta iya jawo a dakatar da shafin Alhaji, domin ƙa'ida ita ce sunan da ke kan allonka shi za ka rubuta, ba tare da cusa wasu kalmomi ba. Sharhin bogi kuwa, a Amurka hukumar FTC, mai kula da kasuwanci da kare masu saye, ta haramta saye da sayar da shi tun 2024.

Ƙanin Hajiya: Ni ba ƙaninka ba ne, kuma ban ce a saya ba.

Shugaban Zaure: Zan rufe wannan batu haka nan, tun da an fara taɓa mutunci. Abin da na fahimta shi ne Ɗan Talla ne kaɗai ya zo da hujja, kuma ni shaida ne a kan aikinsa, domin shi ya gyara mini rukunin sana'a a shafina na Google, ya daidaita suna da adireshi da lambar waya a duk inda shagona ya bayyana a intanet. Hajiya ta riƙe kalma ɗaya ta ƙi saki, ƙaninta kuma ya biye mata don zumunci. Alhaji, ka fara duba ko matashin nan da imel ɗinsa ya buɗe shafin, domin idan haka ne, mallakar tana hannunsa, kuma sai ka nemi a mayar maka da ita kafin a taɓa komai.