Musayar waƙa: wa ke wanke ƙafa a filin bishara?

Uwar Zumunta, Kano

Salama 'yan'uwa cikin Almasihu. Satin nan makon mishan ne a ikilisiyarmu ana ta kawo baiko ana karanta rahoto daga fili, to ni dai abin da ya tsaya min a rai matan masu bishara ne, don ba kasafai ake jin sunansu a rahoto ba alhali rabin aikin a wuyansu yake, shi ne na ce bari in saka 'yan baituka, duk mai amsawa don Allah ya amsa da waƙa.

Ku zo mu yi zancen matar mai bishara,
Da ta bar gari ta bi mijinta karkara,
Tun da asuba ta tashi ta kama shara,
Ta ɗebo ruwa tun zafi bai fara,
Ta dama koko ta ba yaran maƙwabta.

Mai naƙuda cikin dare, ita za a tasa,
Ba fitila, ba mota, asibiti da nisa,
Ta ɗaura zani, gonaki duk ta ratsa,
Ta riƙe uwa har ɗa ya faɗo ƙasa,
Ko sisi ba ta karɓa don wahalarta.

Hatsin da ya rage mudu biyu ne a ɗaki,
Albashi bai iso ba, ga shi ana ta aiki,
Baƙo ya yi sallama, ya sauko daga jaki,
Ta tuƙa tuwo ta miƙa babu raki,
Ita ta kwana da ruwa a cikinta.

Ɗan Galmi, Nijar

Mama sannu da ƙoƙari, Allah shi saka. Ga tawa daga nan wajenmu.

Mama na ji, ga amsa daga Galmi,
Garin albasa, kusa da Madawa.
Tun 1950 anka buɗe asibiti,
Har yau majinyata ba su yankewa.
Buzu da Bahaushe da Bafillace,
Layi guda suka bi, ba a warewa.
Ba a tambayar wane addini kaka yi,
Kafin a ɗaura ma ruwa a ba ka kulawa.
Amma wanda nike so a tuna da shi,
Mai wanke gyambon da dangi ka gujewa.
Mai kwashe fo da dare, mai juya tsoho,
Mai share jini a ƙasa in yana zubowa.
Mai miƙa hannu a ɗebi nashi don baƙo,
Ya koma aiki da jiri, ba shi nunawa.

Matashi, Zariya

Iyayena ku yi haƙuri zan ɗan karkata zancen, ba gardama nake nema ba, abin ya daɗe yana cina ne kuma a makaranta kusan kullum sai an jefo min shi.

Ina da tambaya, iyayena ku gafarce ni,
Abin da abokai ke faɗa ya dame ni,
Wai rijiyarku da allura da magani,
Tsutsa ce a ƙugiya, haka suka gaya mini.

To in mutum ya sha ruwan ya ce shi bai bi ba,
In ya warke ya koma masallaci bai zo ba,
Shekara goma ana wa'azi bai tuba ba,
Za mu ci gaba da ƙaunarsa, ko ba za mu iya ba?

Baba Fasto mai ritaya, Jos

Ɗana, tambayarka ta yi kyau, matso ka ji,
Kutare goma suka ɗaga murya ga Ubangiji,
Ya warkar da su duka, suka bar zaman jeji,
Guda ya dawo godiya, tara suka yi gabansu.

Shin ya aika a ƙwace lafiyar taran nan?
Ko kusa, da ita suka ƙare zaman nan,
Ya tambaya ina suke, ya ji zafin abin nan,
Amma kyautar da ya yi ta zama tasu.

Daren da za a bashe shi ya tashi a kan abinci,
Ya ɗaura tawul, ya zuba ruwa, ya ajiye sarauci,
Har ƙafar Yahuza ya wanke, ya san da ha'inci,
Bai tsallake ko ɗaya ba a cikinsu.

Bishara a fili muke faɗinta, ba ma ɓoyewa,
Amma magani ba da sharaɗi muke bayarwa,
Wanda ya sa sharaɗi ciniki yake ƙullawa,
Ya bar ƙauna ya bi 'yan kasuwa a layinsu.

Bari in ƙara maka da magana tsagwaronta ɗana, don waƙa ba za ta ɗauke duka ba. Ka karanta Luka sura 17 da Yahaya sura 13 ka gani da idonka. Sannan ka gaya wa abokanka cikin ladabi su duba asibitin ido na ikilisiyar ECWA da ke Kano, tun 1943 yake aiki, mutane nawa aka cire wa yanar ido suka koma gida da tazbaharsu a hannu kuma babu wanda ya bi su ya ce a dawo da gani, haka gidajen jinyar kuturta na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa da 'yan mishan suka riƙe a lokacin da mai kuturta ko kwanonsa ba a taɓawa. Amma kuma kar ka musanta zancensu gaba ɗaya, don akwai mutanen da suka taɓa raba hatsi suna ƙirga kawuna saboda rahoto da hoto, wannan abin kunya ne a gare mu kuma bai kamata mu kare shi ba. Muna so kowa ya san Yesu, wannan ba za mu fasa faɗa ba, tuba kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba a sayenta da mudun masara.

Ɗiyar Maraɗi

Baba mun gode, Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Ni hidimar da nike so in kawo ba a gadon asibiti take ba, a gona take. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya zauna nan ƙasar Maraɗi, wajen 1983 ya lura kututturan da manoma ka sarewa su ƙone duk shekara saiwarsu na da rai a ƙasa, in an zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi an bar su an datse saura to icce na tashi da kanshi ba sai an sayo dashe ana ban ruwa ba.

Ya durƙusa a gona ya duba kututture,
Ya ce a bar masu ƙarfi, saura a sare,
Mutane sunka yi mishi dariya, ya daure,
Yau mata na samun icce kusa, ba su kai dare.

Gawo ya yi girma, hatsi ya yi kyau a gindinshi,
Kalgo da sabara kowane ya miƙe da reshenshi,
Manomi mai salla biyar ya ga albarka a gonarshi,
Ba a ce ya sake addini ba kafin a koya mishi.

Mai bishara a ƙauye

Salama gare ku duka, Baba ina gaisuwa, Mama ina gaisuwa. Sai yau na hau tudu na samu sabis na ga wannan zance, na zauna na karanta har hawaye ya zo min, amma akwai ɓangaren da ba ku taɓo ba kuma in na yi shiru ban yi wa mutanen garin nan adalci ba.

Kuna ta yabonmu, to ku ji ta wajenmu,
Ba mu kaɗai ke bayarwa ba a ƙauyenmu,
Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗanmu,
Liman ne ya ba da babur aka kai shi.

Inna daga ruga ta aiko da nono,
Maƙwabciya ta yi fura ta cika mana kwano,
Samari suka yi gayya, gyaɗarmu suka tono,
Ba wanda ya ce in bar Yesu kafin ya yi shi.

Ni kuma in an kawo takarda, ni ke karantawa,
Yaran gari a inuwar coci nake koyarwa,
Faɗan manomi da makiyayi a zaure muke kashewa,
In an yi rasuwa, kabari da ni ake haƙa shi.

Roƙona ga 'yan birni, ku ji da kunnen basira,
Yaranmu sun isa sakandare, kuɗi ya gagara,
Matata na fama da ciwon ido tun bara,
Ku zo da ƙafarku, ko kwana ɗaya ne mun gode da shi.

Matashi, Zariya

Baba na gode, na samu abin faɗa,
Ba da tsawa zan kai ba, ba kuma da faɗa,
Malam, hutun nan in ka yarda zan zo tonon gyaɗa,
In riƙe maka ajin yara, lissafi na iya shi.

Uwar Zumunta, Kano

Kai malam, tun bara kuma ba wanda ya ji? Ido ba a wasa da shi, don Allah kar ku sa mata kowane irin magani na kasuwa ko tozali kafin likita ya gani. Na riga na kira matan zumuntarmu yanzun nan.

Malam ka turo ta, gidana ne masaukinta,
Ɗaki na nan a share, da tabarma da gadonta,
Ni zan kai ta asibiti in karɓo mata katinta,
Kuɗin magani mata sun ce su za su haɗa shi.

Direba, hanyar Kano

Mama ni ban iya waƙa sosai ba amma ga tawa, malam ka turo min sunan kasuwar da ta fi kusa da ku ta akwatin saƙo.

Ran kasuwa ina wucewa da lodin masara,
Gidan gaba na matar malam, ita da ƙaramin yara,
Ba kuɗin mota, ba na mai, kar ma a fara,
Ku dai fito bakin titi da wuri, ƙarfe shida zan taso shi.