Ana iya tura saƙon tes zuwa ƙananan wayoyi daga imel na kwamfuta?

Sakataren_Albasa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman albasa, ofishinmu na nan cikin garin Sakkwato amma mambobinmu na warwatse tsakanin Kware, Wurno da Goronyo. Mafi yawansu ƙaramar waya mai madannai gare su, ba WhatsApp ba data. Duk sanda taki ya iso ko anka sa ranar taro, sai in zauna bayan isha'i da littafin rajista bisa cinya, ina duba lamba ina dannawa ɗaya bayan ɗaya har babban yatsa ya yi tsami. Wani lokaci kafin in kai ƙarshen littafin, na farko sun riga sun kwashe takin, na ƙarshe ko labari bai kai musu ba, kuma wannan na damuna ƙwarai don haƙƙinsu ne.

Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce can sai ka buɗe imel, ka rubuta lambar mutum ka haɗa da @vtext.com, saƙon ya faɗa wayarsa. Na gwada da lambobinmu, ba wanda ya samu. Mi ne ne hanyar da za ta yi a nan? Kwamfutar ofis muna da ita, da imel na ƙungiya.

Injiniya_Mabera:

Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Wancan adireshin na kamfanin Verizon ne, masu layinsu kaɗai yake kai wa saƙo, shi ya sa bai yi maka ba. Can ma abin ja baya yake yi, domin kamfanin AT&T sun rufe nasu a watan Yunin 2025.

A nan abin da makarantu da asibitoci ke yi shi ne buɗe asusu da kamfanonin da ke sayar da saƙon tes a sari, irin su Termii ko BulkSMSNigeria. Ka zuba kuɗi, ka ɗora jerin lambobin sau ɗaya, ka rubuta saƙo ɗaya daga kwamfuta ya tafi wa kowa. In kuma lalle daga cikin imel kake son turawa, ClickSend na da wannan tsarin, amma shi ma sai ka yi rajista ka biya.

Wajen shirya lambobin a kula. Excel, manhajar da ake jera lambobi a kwamfuta, na cinye sifilin farko, wani lokaci ma ya dunƙule lambar ta koma wani abu mai E+12. Ka mayar da layin da za ka jera lambobin a Excel ya zama na rubutu (Text) kafin ka fara shigarwa, sannan ka cire sifilin da kanka ka sa 234 a gaba.

Malama_Arkilla:

Baba Sakatare, ni ke tura wa iyayen yara saƙo a Islamiyyarmu, kuma akwai abin da ke cin kuɗi wanda mutane ba su lura da shi. Shafin tes ɗaya haruffa 160 ne. Amma da zarar ka sa ɗaya daga cikin ƙ, ɗ ko ɓ, ko da guda ɗaya tak a cikin saƙon, shafin zai koma haruffa 70, domin ba su cikin ainihin haruffan da aka gina tes a kansu. Saƙon da ya kamata ya zama shafi ɗaya na iya zama har uku, a caje ka kuɗin uku a kan kowane mutum. Ajami ma haka yake, 70 ne. Ba na jin daɗin rubuta "kungiya" da "daya" ba lanƙwasa, amma a tes haka nake yi, kuma iyaye na ganewa.

Sai maganar DND, wato tsarin toshe saƙonnin talla, da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo a 2016, wadda ake kunnawa ta lambar 2442. Wanda ya kunna ta, saƙon sari na iya ƙin shiga wayarsa. Kafin ka biya, ka tambayi kamfanin ko suna da hanyar da ke kai wa irin waɗannan layukan. Sukan nemi takardar CAC, wato ta rajistar ƙungiya ko kamfani, kafin su yi maka rajistar sunan mai turawa, kuma sunan bai wuce haruffa 11.

Dan_Gawon_Nama:

In waɗanda za ka tura wa ba su da yawa, kamar shugabannin unguwanni kawai, buɗe Google Messages a kwamfuta ka haɗa da wayarka ta Android. Kana rubutawa a kwamfuta, saƙon na fita ta layinka, kuɗin katinka ake cirewa. Wayar dai ta kasance a kunne da data.

Sakataren_Albasa:

Allah shi saka muku da alheri. Takardar CAC muna da ita. Malama, in munka sa ALBASA SOK a matsayin suna, zai shiga cikin 11 ɗin?

Malama_Arkilla:

Zai shiga Baba, goma ne har da tazarar tsakiya. Amma ka sanar da su sunan a taro tukuna, don mutanenmu na tsoron saƙon 'yan damfara, wasu gogewa suke yi ba su ko ba yaro ya karanta musu ba. Ka fara gwadawa da layinka da na shugaba da na ma'aji kafin ka sake shi ga kowa.