Neman shawara: mijin ƙanwata kwatabak ne a NFL, ya ajiye ƙwallo ko ya ƙara shekara ɗaya?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san ƙwallon Amurka ciki da waje. Ƙanwata tana aure a can, mijinta Ba'amurke ne, kwatabak ne a NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, wato shi ke karɓar ƙwallo ya jefa wa 'yan gaba, shi ke kiran salon da za a buga. Shekararsa 35, kakarsa 12 a gasar. A da da shi ake fara wasa, yanzu shi ne na biyu, sai na farko ya ji ciwo yake shiga. Saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. 'Ya'yansu uku, babbar shekararta 9, iyalin suna wani gari shi yana wani, tafiyar awa uku a jirgi. Sau biyu likitoci suka tabbatar ya samu girgizar ƙwaƙwalwa sakamakon buguwar kai, ta biyun a kakar da aka gama, an kuma taɓa yi masa aiki a kafaɗar da yake jifa da ita. Ita ta gaji, so take ya bari. Shi kuma yau ya ce zai bari, gobe ya ce ai shekara ɗaya ta rage. Ta ce in ba ta shawara, ni kuwa ban san kan abin ba. Me ya kamata su duba?

Baban Khalil:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kada ya fito ya sanar da duniya wani abu yanzu. Ɗan wasan da ya fito daga kaka jikinsa duk tsami, in aka tambaye shi a Janairu cewa zai yi ya gama, a Maris kuma ya ji kamar sabo. Shahararren kwatabak Tom Brady ya sanar da ritaya ranar 1 ga Fabrairun 2022, ya janye ranar 13 ga Maris, kwana 40 kenan. A Oktoban shekarar aurensa ya mutu. Ba na cewa ƙwallo kaɗai ce ta kashe auren, babu wanda ke cikin ɗakinsu, amma faɗa wa mace "na bari" sannan a koma ya fi ciwo a kan a ce mata tun farko "ba ni wata biyu in yi tunani".

Sannan ta san abin da "shekara ɗaya" take nufi. Atisayen share fage na farawa a Afrilu, mafi yawansa na ganin dama ne a takarda, amma galibi kwatabak ba ya ƙin zuwa. Akwai ɗan sansanin dole na kwana uku a Yuni. Ƙarshen Yuli a shiga babban sansani, daga nan sai wasanni 17 cikin mako 18, Satumba zuwa farkon Janairu, hutun mako ɗaya tak a ciki. A mako kuwa, Litinin kallon bidiyon wasan jiya da jinya, Talata hutu (kwatabak galibi yana leƙawa ya fara nazarin abokan karawa), Laraba zuwa Juma'a atisaye da taruka tun asuba, Asabar a tafi otal ko a hau jirgi, Lahadi wasa. Na biyu duk yana yin wannan daidai da na farko. Mai tafiyar awa uku a jirgi, in ya samu dare ɗaya a gida cikin mako ya yi sa'a.

Dakta Ummu Sadiq:
Yaya, ni kan nasa ne damuwata, kafaɗa mai sauƙi ce. Kafaɗa ana ɗaukar hotonta a ga abin da ya yage. Girgizar ƙwaƙwalwa kuwa sau da yawa hoton MRI yakan fito lafiya lau alhali mutum bai warke ba.

Kada su tsaya a kan cewa likitan kulob ya sallame shi. Tsarin NFL mataki biyar ne: hutu da ɗan motsi, sai motsa jiki mai sa haki, sai atisayen ƙwallo shi kaɗai, sai atisaye da 'yan wasa ba tare da karo ba, sai cikakken wasa bayan likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa ya sa hannu. Tambayar da tsarin ke amsawa ita ce "zai iya buga wasan Lahadi?", ba ya amsa "ya kamata ya ci gaba da sana'ar?". Kuma tsarin yana kuskure. A Satumbar 2022 Tua Tagovailoa, kwatabak ɗin Miami, ya tashi yana tangaɗi a wasansu da Buffalo, aka mayar da shi fili, bayan kwana huɗu aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar majinyata a Cincinnati. Daga nan ne aka ƙara dokar cewa duk wanda ya yi tangaɗi bayan buguwar kai ya gama wasan ranar.

Yarjejeniyar 'yan wasa da gasar ta ba shi damar ganin likita na biyu da kuɗin kulob. Ya je wajen likitan ƙwaƙwalwa wanda ba shi da alaƙa da kulob, a yi masa gwajin tunani da riƙe abu a ka, a gwada da sakamakon gwajin da aka yi masa kafin kaka. Abubuwan da likitan zai so ji: kwana nawa ta farko ta ɗauka kafin ya warware, kwana nawa ta biyu? Bugun da ya jawo ta biyun ya kai na farko ƙarfi? In ƙaramin bugu ya fara jawo ta, ko warkewa ta fara tsawo, yawancin likitoci a nan suke cewa a tsaya. Ƙanwarki ta shiga ɗakin likitan tare da shi, don ita ce ta san ko yana barci, ko hasken fitila na damunsa, ko ya fara saurin fushi da yara, ko yana tambayar abu ɗaya sau uku. 'Yan wasa sun ƙware wajen ɓoye irin wannan.

Game da cutar CTE da ake ta faɗa, wato lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan buguwar kai: ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Binciken Jami'ar Boston na 2017 ya same ta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsoffin 'yan NFL, sai dai iyalan da suka ga alamu ne suka fi bayar da ƙwaƙwalwar, don haka ba ƙididdigar kowa da kowa ba ce. Abin da binciken da suka biyo baya suka fi nunawa shi ne yawan shekarun shan bugu ya fi tasiri a kan adadin girgizar da aka rubuta a fayil.

Malam Akanta:
Hajiya, a ɗauko kwantiragin a karanta, a nan mutane ke asara. Kuɗin sa hannu da aka ba shi tun farko, a lissafin gasar rarraba shi ake yi a kan shekarun kwantiragi. Misali dala miliyan 3 a kan shekara uku, miliyan ɗaya kenan kowace shekara. In ya yi ritaya saura shekara ɗaya, kulob na da haƙƙin cewa ya dawo da miliyan ɗayan, kuɗin da ya riga ya biya wa haraji. Wasu kulob suna yafewa, Indianapolis ta bar wa Andrew Luck kusan dala miliyan 25 da ya bari a 2019 yana ɗan shekara 29. Wasu ba sa yafewa, Detroit ta karɓi kuɗi a hannun Barry Sanders da Calvin Johnson, manyan taurarinta biyu. In kuwa kulob ne ya sallame shi, babu abin da zai mayar.

Albashin da ke gaba kuma a duba nawa ne tabbatacce a ciki. In babu tabbaci, za a iya korarsa a ƙarshen Agusta lokacin da ake rage 'yan wasa zuwa 53, ya sha wahalar sansani a banza. In ya kai wasan makon farko yana cikin jerin, mai kaka huɗu zuwa sama yana da damar karɓar cikakken albashin shekarar ko da an sallame shi daga baya, amma sau ɗaya ake amfani da wannan damar a rayuwar wasa. Kada kuma su yi lissafi da adadin da jaridu ke bugawa. Harajin tarayya a saman yana kai kashi 37, wakilinsa na karɓar har kashi 3, jihohin da ya je buga wasa suna yankar nasu, ga hayar gida na biyu da tikitin jirgi. Abin da ke isa gida bai cika wuce rabi da ɗan wani abu ba.

Fansho ba matsala, kaka uku ake bukata, shi yana da 12. Amma sai ya kai 55 ake fara biya yadda aka saba, kuma ƙarin kaka ɗaya dala ɗari takwas da 'yan kai zai ƙara masa a wata. Wannan bai kai a sayar da lafiyar kai a kansa ba. Abin da ya fi muhimmanci inshorar lafiya ce: shekara biyar ake ci gaba da biya masa ita, shi da iyalinsa, bayan barin wasa. Yana kai 40 sai su fara saye da kansu, inshorar gwamnati ta tsofaffi kuma sai 65. Akwai asusun biyan kuɗin asibiti na tsoffin 'yan wasa da zai ɗan rage, da shirin da ake kira 88 Plan na masu ciwon mantuwa, amma su sa wannan giɓin a kasafinsu tun yanzu.

Ɗan Zazzau:
Ni dai zan ɗan saɓa. Kwatabak na biyu kusan shi ne aikin da ya fi kowanne sauƙi ga jiki a gasar. A atisaye jar riga ake sa musu, an hana kowa taɓa su. Chase Daniel, wanda shi ma na biyu ne, ya tara sama da dala miliyan 40 a rayuwar wasansa, wasa biyar kacal aka fara da shi. Mutumin nan in ya bari, ina zai samu aikin da zai biya shi ko mafi ƙarancin albashin tsohon hannu, wanda a 2024 ya kai dala miliyan 1.21?

Kuma ba dole sai fari ko baƙi ba. A 2019 Philadelphia ta yarda Josh McCown yana tashi ranar Juma'a ya je ya horar da 'yan makarantar da 'ya'yansa ke bugawa a Charlotte, ya dawo kafin wasa. Joe Flacco kuwa a gida ya zauna a 2023 har Nuwamba, Cleveland ta kira shi da masu jefa mata ƙwallo suka ji ciwo, ya ci wasa huɗu cikin biyar, suka kai wasannin fitar da gwani. Ya tsallake sansani da rabin kaka. Matsalarku nisa ce, to a nemi kulob na kusa da gida.

Dakta Ummu Sadiq:
Ɗan Zazzau, jar rigar a atisaye take. Ka tambayi kanka yaushe na biyu ke shiga: lokacin da masu tsaron gaba da ke kare kwatabak suka kasa, aka take na farko har aka fitar da shi. Bayan waɗannan mutanen zai tsaya, kuma duk makon bai yi atisaye da su ba, shi yana can yana kwaikwayon kwatabak ɗin abokan karawa don masu tsaron baya su koya. Rashin sabo na sa ya riƙe ƙwallo daƙiƙa guda fiye da ƙima, a wannan daƙiƙar ake maka mutum da ƙasa, ƙeyarsa ta bugi fili. In likita ya ce kan lafiya, shawararka abin dubawa ce. In bai ce ba, babu kulob na kusa ko na nesa.

Gwaggo Asabe:
'Yar nan, ki faɗa wa ƙanwarki kada ta bari a ce "saboda ita" ya bari. Ranar da Satumba ta zo yana zaune a falo yana kallon wanda bai kai shi ba yana jefa ƙwallo, ita zai kalla. Ta faɗi nata a fili: abin da za ta iya ɗauka da wanda ba za ta iya ba, misali ba za a sake kaka yana wani gari suna wani ba. Hukuncin kuma ya fito daga bakinsa.

Su kuma tambayi juna me zai riƙa yi da ƙarfe takwas na safiyar Laraba. Mutumin da tun yana yaro wasu ke tsara masa kowace awa, kai yara makaranta ba zai cika masa yini ba. Kwatabak Philip Rivers, mai 'ya'ya tara a lokacin da ya bari a farkon 2021, ya riga ya karɓi aikin horar da wata makarantar sakandare a Alabama tun kafin ya buga kakarsa ta 2020. A kula kuma da aikin koci a NFL, awanninsa sun fi na ɗan wasa yawa, wanda ya bar wasa don iyali ya shiga can bai dawo gida ba.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tambaye ta, ta ce akwai wani kuɗi da za a ba shi in yana cikin kulob a tsakiyar Maris. Ya jira ya karɓa sannan ya bari?

Malam Akanta:
Kada ya yi haka a ɓoye, Hajiya. Irin wannan kuɗin ma ana iya neman a dawo da shi in ya karɓa ya ƙi buga kakar, kuma zai ɓata da mutanen da yake so su yafe masa kuɗin sa hannu. Ya fara ganin likitan a Fabrairu. Da sakamakon a hannu, wakilinsa ya zauna da kulob kafin kasuwar 'yan wasa ta buɗe a Maris, lokacin suna da sararin neman wani. Haka ake sasantawa: Derek Carr da New Orleans a Mayun 2025, ya haƙura da albashin dala miliyan 30 saboda kafaɗarsa, suka bar masa miliyan 10 da aka riga aka ba shi. Duk abin da aka yafe a rubuta shi.

In hanyar Flacco yake so, sallama zai nema, kada ya shigar da takardar ritaya, don mai ritaya da sauran kwantiragi kulob ɗinsa ke riƙe da shi, ba zai iya zuwa wani wuri ba sai da yardarsu. In kuma barin ne gaba ɗaya, a gwajin lafiyar fita ya sa a rubuta kowane ciwo, har wanda yake rainawa, ya karɓi kwafin fayil ɗinsa da duk hotunan kafaɗar. Neman diyyar raunin da aka samu a bakin aiki yana da wa'adi, ya kira ƙungiyar 'yan wasa ta NFLPA su faɗa masa ranar da nasa zai cika.