Tsohon BIND ɗinmu da maganar ragwanci

Ɗan Sabar: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake tun safe. Sabar DNS ta wurin aikinmu, mai juya sunan shafin intanet zuwa lambar adireshinsa, har yau manhajar BIND 9.11 ce a kanta, a kan tsarin Linux na CentOS 7. Su ISC, ƙungiyar da ke yin BIND, sun daina kula da 9.11 tun Maris 2022, shi ma CentOS 7 wa'adinsa ya cika ƙarshen Yunin 2024. Na rubuta wa oga takarda a koma 9.18, sai ya ce tunda ba ta taɓa ba mu kunya ba a ƙyale ta. Wallahi wannan ragwanci ne kawai.

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam. Ragwanci? Yaro, iya bakinka. Mutumin da yake raya sabar nan tun kana firamare shi za ka kira rago a gaban jama'a?

Ɗan Sabar: Baba, ni ban ce shi rago ne ba. Abin da aka yi na ce ragwanci ne.

Tsohon Hannu: To wa ke yin ragwanci in ba rago ba?

Injiniya Mace: Don Allah ku duba abin da ya kawo. A Fabrairun 2024 masu bincike a Jamus suka tona wata ɓarakar tsaro da suka kira KeyTrap. Amsar DNSSEC (tsarin sa hannu da ke tabbatar da amsoshin DNS) guda ɗaya da aka haɗa da mugun nufi tana iya sa sabar ta yi ta lissafi har ta daina amsa kowa. ISC ta toshe ta a 9.16.48 da 9.18.24. Gobe wata irinta ta fito, wa zai toshe wa mai 9.11?

Mai Jar Hula: Hajiya, lambar tana ruɗin mutane. Red Hat, kamfanin da ake gina CentOS daga tsarinsa, tana ɗauko gyaran tsaro ta saka a tsohon, lamba na nan 9.11 amma cikinsa an gyara. Yaran Ubuntu, masu wancan tsarin Linux ɗin, ba su san wannan ba.

Injiniya Mace: Na sani. Amma CentOS 7 ya ce, kuma an rufe masa wannan ƙofar.

Ɗan Ubuntu: Su wa ye yaran Ubuntu? Mu 22.04 da 9.18 ya zo mana, ba mu roƙi kowa ba. Ku da aka yanke muku CentOS 8 a ƙarshen 2021 kuna ji kuna gani, har kuna da bakin magana?

Mai Jar Hula: Je ka tambaya me ake amfani da shi a manyan wurare, sannan ka dawo.

Tsohon Hannu: Ni dai kalmar nan ba za ta wuce ba. Kun san abin da ake kira ragwanci? A 2008 da mai binciken tsaro Dan Kaminsky ya tona matsalar DNS, a ɗakin saba muka kwana, janareto na ci, muna sabuntawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan ya san lokacin taɓa saba da lokacin barinta. Kai ka ɗora 9.18 a kan tsohon named.conf, fayil ɗin saitin BIND, ka gani. Layin dnssec-enable kaɗai ya isa ya hana BIND ɗin tashi, don an cire wannan saitin a 9.18. Daren Juma'a ka yi haka, wayarka za ta yi ta ƙara har asuba, kowa na cewa intanet ta ɗauke.

Ɗan Sabar: Ai saboda haka aka yi named-checkconf mai duba kuskuren saiti, Baba. A gwada a wata kwamfutar, a fara da sabar ta biyu, in ta zauna lafiya a koma kan babbar. Duk na rubuta a takardar.

Tsohon Hannu: Takarda! Matsalar 'yan digiri ke nan.

Ɗan Poli: A'a Baba, kar a sako digiri. Ni HND gare ni kuma ina bayan yaron nan. Amma ragwanci ya yi nauyi, da sakaci ya ce.

Mai Jar Hula: Sakaci ai ya fi muni. Rago bai yi ba ne, mai sakaci amana ya ci.

Ɗan Poli: Ina ruwan sakaci da cin amana? Malam, kar ka sa min magana a baki.

Ɗan Ubuntu: Ku jefar da BIND ɗin ma baki ɗaya ku sa Unbound, wata manhajar DNS, ku huta.

Injiniya Mace: Unbound ma KeyTrap ta taɓa shi, sai da aka fitar da gyara. Kuma ba wanda ya tambayi yaron ko sabar tasa tambayoyin kwastoma take amsawa ko sunayen kamfanin take riƙe da su. Ɗan Sabar, wanne ne?

Tsohon Hannu: Ya fara janye kalmar tukuna.

Shugaban Zaure: To jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda kalmar ragwanci ba ta dace ba, kuma ya kamata ƙaninmu ya nemi afuwar ogansa da ta Baba. An kuma nuna cewa sabon BIND yana iya ƙin tashi, kuma tsohon ana gyara shi ta ciki kamar yadda Mai Jar Hula ya bayyana. Don haka babu gaggawa, a bar wa manya su sa lokaci. Maganar Ubuntu da Unbound a kai ta wani zauren. Na rufe nan.