Wa ya taɓa shiga jirgi da jariri ɗan wata biyu?

Mai ɗan fari:
Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa yi da kansu nake so su ba ni labari. Tun ina da ƙaramin ciki maigidana ya yanki tikitin hutu zuwa ƙasar waje, kuma ranar tafiya yaronmu zai cika sati 9. Tafiyar awa 6 ce, babu sauka a hanya. Nono yake sha zalla. Kwana uku ke nan tunani ya hana ni barci: kunnensa, iskar cikin jirgi, da kukan da zai yi a tsakiyar mutane. Mu tafi ne ko mu ɗaga?

Uwar uku:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana. Ƙanwata, kwantar da hankalinki ta fuskar jirgin. Na tafi da 'yata ta biyu tana sati 10, na kuma tafi da ita tana wata 14, kuma wallahi ta farkon ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Jariri ba ya neman sauka ya yi rarrafe, ba ya fizgar kofin maƙwabci. Nono, barci, canjin kunzugu, shi ke nan. Ƙarar injin ma kamar lallashinsa take yi.

Maganar kunne gaskiya ce, amma tana da magani. Idan jirgi yana hawa ko sauka, nauyin iska yana canzawa, kunne ya toshe. Mu manya muna haɗiye yawu ko mu yi hamma ya buɗe. Shi jariri tsotso ne hammarsa. Kuskuren da na yi shi ne na ba ta nono tun muna zaune ana shiga. Jirgi ya yi ta zagaye a ƙasa kusan minti 25 yana jiran layi, kafin ya ɗaga ta ƙoshi ta saki. Da dawowa sai na jira har na ji ya fara gudun tashi sannan na sa mata. Saukar ta fi damun kunne a kan tashi, kuma tana farawa kamar rabin awa kafin taya ta taɓa ƙasa. Da kin ji naki kunnen ya fara toshewa, to nasa ma ya fara. Idan kuwa barcinsa yake yi lafiya, ni tawa ban tashe ta ba, kuma ba ta yi kuka ba.

Ki sa maigida ya kira kamfanin jirgin yau ya nemi kujerar gaba mai bango, inda ake maƙala ɗan gadon jariri. Kaɗan ne a kowane jirgi, wanda ya riga shi ke samu, kuma yawanci nauyin yaro ba zai wuce kilo 10 zuwa 11 ba. Amma ki sani, duk lokacin da fitilar ɗaura bel ta kama saboda gargada, za a iya cewa ki ɗauke shi, ko da yanzu ya yi barci. Sau uku aka sa na ɗauke tawa. Na ji haushi a lokacin, har sai da jirgin ya yi wata irin faɗawa da ta sa shayin mutumin gefena ya fantsama a rigarsa. Daga nan ban ƙara jira a faɗa mini ba.

Ki saka wa kanki riga ta canji a jakar hannu, ba shi kaɗai ba. Tumbuɗi ba ya sallama.

Baban 'yan biyu:
Hajiya, ni ta wajen takardu zan shigo, don nan ne na sha wuya. Tikitin da aka yanka kafin haihuwa babu sunan yaro a ciki. Sai an koma an ƙara shi, da sunansa daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi. Yaron da bai kai shekara 2 ba yana iya zama a cinya, kuma a tafiyar ƙasa da ƙasa galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba ake biya masa, ban da haraji. Fasfo nasa daban, biza tasa daban idan ƙasar tana neman biza. Jerin kuwa ba ya tsallakuwa: takardar haihuwa, sannan fasfo, sannan biza. Namu fasfon ɗaya ya fito, na ɗayan ya maƙale, saura kwana 4 tafiya aka ba mu. Sati 9 ba lokaci ba ne mai yawa, idan ba ku fara ba ku fara gobe da safe.

Hoton fasfo ma aiki ne. Farin zani muka shimfiɗa muka kwantar da su, mai hoto ya tsaya a kansu, don ba a son hannun kowa ya fito a ciki.

Abin da ban sani ba sai a filin jirgi: babba ɗaya jariri ɗaya ne a cinya, kuma ba a bar mu mun zauna a jere ɗaya ba. Abin shaƙar iska na gaggawa da ke saukowa daga sama, ƙari ɗaya ne a jerin namu, don haka jarirai biyu ba za su haɗu a wurin ba. Ni a gaba, uwarsu a baya, muna miƙa wa juna kunzugu ta saman kujera. An ba mu ɗan ƙaramin bel da ake zurawa cikin na babba a ɗaure jariri. Jiragen Turai suna bayarwa, na Amurka ba sa amfani da shi, can hukumar jiragensu ta fi son a saya wa jariri kujera a ɗaure shi cikin kujerar mota da aka amince da ita.

In kuma wata rana ke kaɗai za ki tafi da shi, ki riƙe takardar amincewar uba da kwafin takardar haihuwa. Kanada na ba da shawarar haka ƙarara, kuma jami'in kowace ƙasa yana iya tambaya.

Wadda aka yi wa aiki:
'Yar'uwa, kowa maganar yaro yake yi. Ni ke nake tambaya, yaya jikinki? Da kanki kika haihu ko aiki aka yi miki?

Na shiga jirgi sati 5 bayan tiyata, tafiyar awa 8. Na zauna jikin taga, yaro a ƙirjina, ban tashi ba ko sau ɗaya don kada na tashe shi kuma kada na dami mutane biyun da ke gefena. Ruwa ma na ƙi sha don kada fitsari ya matsa mini. Kwana biyu da isarmu sharaɓar ƙafata ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, taka ta ya zama azaba. Na ɗauka gajiya ce. Maigidana ne ya tsaya kai da fata sai mun je asibiti. Aka yi hoton ƙafar aka ce jini ne ya daskare a jijiya, kuma da gudan ya ɓalle ya tafi huhu da labari ya sha bamban. Wata 3 na yi ina kan maganin tsinka jini, farkonsa allura a ciki kullum, ga shayarwa.

Likitar ta gaya mini makonni 6 na farko bayan haihuwa su ne haɗarin ya fi yawa, tiyata tana ƙara shi, zaman jirgi fiye da awa 4 ma yana ƙarawa. Ke kin wuce sati 6, amma ba a ce ya kau gaba ɗaya ba. Ki je a duba ki kafin tafiya, ki tambaya ko za ki sa doguwar safa mai matse ƙafa. Ki karɓi kujerar bakin hanya. Duk awa ɗaya ki miƙa wa babansa ki tashi ki taka. Ki sha ruwa sosai, iskar jirgi busasshiya ce kuma ke kike shayarwa. Ba don na tsorata ki na faɗa ba, ni dai babu wanda ya gaya mini.

Mai ɗan fari:
Subhanallahi, Allah ya ƙara lafiya yaya. Da kaina na haihu, amma wallahi ko sau ɗaya ban kawo kaina cikin lissafi ba. Takardar haihuwa tana hannu, fasfo ne ba mu nema ba tukuna.

Ma'aikaciyar jinya, uwar biyu:
Ina aiki a ɗakin yara, kuma na yi tafiya da ɗana yana wata 3. Kamfanonin jirgi da yawa suna karɓar jariri daga kwana 7, wasu sai kwana 14, amma yardar kamfani daban, shawarar likita daban. Iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse ce mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400, iskar shaƙa ta ɗan ragu. Lafiyayyen jaririn da ya cika watanninsa yana jurewa. Bakwaini, ko mai matsalar zuciya ko huhu, ko wanda ke cikin mura da tari a ranar, dole likita ya gan shi tukuna.

Abin da ya fi damuna ba jirgi ba ne, inda za ku sauka ne. Jaririn da bai kai wata 3 ba, idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, asibiti ake nufa kai tsaye ko da tsakar dare, ba a ba shi magani a gida a jira gari ya waye. Kafin mu tashi sai da na rubuta sunan asibitin yara mafi kusa da masaukinmu da lambar gaggawa ta ƙasar, na sa ma'aunin zafi a jakar hannu, na kuma tabbatar sunan yaro yana cikin inshorar tafiya. Idan aka yanki inshora kafin haihuwa, ba lallai ta haɗa da shi ba.

Rigakafin farko na sati 6 ko sati 8, gwargwadon tsarin ƙasa, a yi masa kafin tafiya, a bar 'yan kwanaki a tsakani don zazzaɓin allura ya wuce. Amma na ƙyanda ba a yi kafin wata 6 ko da don tafiya ne, na zazzaɓin shawara kuma sai wata 9 a ƙa'ida. Don haka ƙasar da ake fama da ɗayan biyun, ko mai yawan cizon sauro, ni ba zan kai ɗan sati 9 ba. Kuma don Allah kada wani ya ba ki shawarar maganin mura mai sa barci don ya yi shiru a jirgi. Yana iya danne numfashin jariri.

Maman fida:
Ni madarar gwangwani nake haɗawa da nono. Dokar nan da ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu ba ta shafi abincin jariri ba, amma ki fito da shi daban a wurin bincike, za su iya gwada shi. Na tafi da garin madara a awo-awo, da fulas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ruwan haɗawa kada ya gaza digiri 70, wanda aka haɗa kuma a shanye cikin awa 2. Ruwan famfon banɗakin jirgi ban taɓa shi ba. Jirginmu ya yi jinkirin awa 5, abin da na ƙara na ko-ta-kwana shi ya cece mu. Kunzugu ma ki ninka abin da kike zato.

Wadda ta ɗaga tafiya:
Ku yi haƙuri, ni ra'ayina daban. Mun je da ɗan sati 8, kuma ban ga hutu ba. Jirgin lafiya lau, kamar yadda Uwar uku ta ce. Amma gari ne mai zafi. Jariri ƙasa da wata 6 ba a shafa masa man kare rana, ba a ba shi ruwa, inuwa ce kawai da nono. Daga hantsi har la'asar ina ɗaki da shi, labule a sauke, babansa yana leƙo mu yana komawa. Gadon da otal ya kawo katifarsa ta yi laushi, ga tarin matasai da bargo, sai da na kwashe su duka na kwantar da shi rigingine a kan abu mai tauri. Keken da muka bayar a bakin jirgi bai fito ba sai washegari, goyo ne ya fisshe ni. A dare na uku na zauna a bakin gado ina kuka, ni kaina ban san dalili ba, gajiya ce kawai ta ɗanyen jego a wurin da babu mai karɓar miki yaro ko na minti 10.

Da aka haifi ƙanwarsa, tafiya ta sake faɗowa a irin wannan lokaci, na ce a ɗaga. Muka biya kuɗin canjin tikiti muka tafi tana wata 7, tana zama, tana dariya da mutane. Wannan ce nake tunawa a matsayin hutu.

Kaka:
'Yata, kukan nan da kike tsoro, ki cire shi daga ranki. Na raka jikana a jirgi, ya yi kuka kusan minti 20 ana sauka. Wata mata da ba ma jin yaren juna ta juyo ta riƙe mini jaka, tana shafa ƙafarsa. Duk wanda ke cikin jirgin an taɓa goya shi. Ki tashi ki jijjiga shi a hanyar tsakiya in an kashe fitilar bel, ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Abin da zan roƙe ki, kada ki bar kowa ya sumbace shi ko ya kama masa hannu, komai kirkin mutum. Ki ce yana barci.

Mai ɗan fari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya mun je asibiti ni da shi. Likita ta ce yaro lafiyarsa ƙalau, ni ma haka, ta rubuta mini safar. Mun duba, inda za mu babu zazzaɓin shawara ko cizon sauro, yanzu kuma lokacin sanyi-sanyi ne a can, akwai asibitin yara minti 10 daga masaukin. Maigida ya kira kamfanin jirgi, an ce gadon jariri ɗaya ya rage amma ba za a riƙe mana ba sai an ƙara sunan yaro a tikiti da lambar fasfonsa. Yau da safe muka kai takardun fasfo. Mun yanke cewa idan ya fito kafin ƙarshen mako mai zuwa za mu tafi, mu rage kwanakin daga 10 zuwa 6. Idan bai fito ba mu ɗaga zuwa bayan ya cika wata 6.

Baban 'yan biyu, a takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifinsa da harafi ɗaya daban da yadda yake a fasfon maigida. A gyara kafin fasfon ya fito, ko ba komai?

Baban 'yan biyu:
A gyara, Hajiya, kuma yau. Irin wannan harafin ne ya riƙe mana fasfon ɗaya daga cikin namu.